Abin da Ke Ƙarƙashin Sulke

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-27
Ayar haddacewa: Karin Magana 28:13
Manufa: Mu gane irin abubuwan da muke rufe ciwonmu da su, mu koyi tuɓe su a gaban Ubangiji domin mu sami warkarwa.

GABATARWA

Ɗan'uwa, 'yar'uwa cikin Ubangiji, in ka taɓa zuwa kallon hawan sallah a Kano, ka ga 'yan sulke da 'yan lifidi da 'yan kwalkwali sun jeru cikin tawagar sarki. Mahayi ya sha rigar ƙarfe wadda aka saƙa da ƙananan zobba, kansa cikin kwalkwali, dokinsa ya sha lifidi. Yara suna sowa, masu waya suna ɗaukar hoto. A yau ado ne, amma a dā kayan yaƙi ne na sosai. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe. Ana cusa auduga ko rimi cikin lifidi a ɗinke, don kibiya ta maƙale kafin ta kai ga nama. Kakanninmu na nan kudancin Kano sun san amfanin waɗannan kaya, musamman a ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi yankin, mutane suna fakewa a garuruwa masu ganuwa irin su Bebeji da Rano.

Akwai abin da hoton ɗan sulke ba ya ɗauka. Ba ya ɗaukar zufar da ke kwarara a bayan mahayin, ko gyambon da sirdi ya yi wa dokin. Mai kallo yana ganin ƙarfe yana walƙiya, mai ɗauke da ƙarfen shi ya san abin da ke ƙarƙashi. Darasinmu na wannan mako a kan abin da ke ƙarƙashin ne.

1. HOTON DA BAI FAƊI DUKA BA

A birnin Madrid na ƙasar Sifen, a gidan ajiye zane-zane da ake kira Prado, akwai wani babban hoto wanda tsayinsa ya wuce mita 3. Wani gwanin zane ɗan Italiya mai suna Titian ya yi shi a shekara ta 1548, da fentin da ake damawa da mai. A wancan zamani babu na'urar ɗaukar hoto. In sarki yana so jikoki su san kamanninsa, sai ya kira mai zane ya biya shi.

Mutumin da ke cikin hoton shi ne Sarki Charles na 5, wanda ya mallaki Sifen, da ƙasashen Jamus, da wasu sassan Italiya, da manyan yankuna a nahiyar Amurka. Yana bisa doki, sanye da sulken ƙarfe mai adon zinariya, jan gashi a kan kwalkwalinsa, dogon mashi a hannunsa. Ya fito daga cikin kurmi shi kaɗai, fuskarsa a natse. An yi hoton ne don tunawa da nasarar da ya ci a Mulberg, a bakin Kogin Elbe, ranar 24 ga Afrilu 1547, inda ya murƙushe rundunar sarakunan Jamus masu bin koyarwar Martin Luther. Ba ka ganin gawa ko jini a cikin hoton. Abin da kake gani shi ne mutumin da babu mai iya ka da shi.

To, ga abin da mai zanen bai zana ba. Sarkin ya daɗe yana fama da ciwon gaɓɓai mai tsanani, irin wanda ke kumbura yatsun ƙafa da na hannu har mutum ya kāsa taka ƙasa. Shekara 5 bayan waccan nasara, a 1552, wani basarake da ya taya shi yaƙin Mulberg ya juya masa baya. Sarkin ya gudu daga birnin Innsbruck da dare, a ɗauke cikin amuku, domin ba ya iya hawan doki. A 1555 aka yi sulhu a Augsburg, aka amince mabiya Luther su ci gaba da sujadarsu, abin da ya yi yaƙi don ya hana. A wannan shekarar ya fara sauka daga sarautunsa, ya shiga zauren taro a Brussels yana dogara sanda, yana dafe da kafaɗar wani saurayi. Ya mutu a 1558, a wani gidan ibada da ake kira Yuste. A 2006 likitoci suka bincika guntun ƙaramin yatsansa da aka ajiye, suka tabbatar da cutar. Sulken da ke cikin hoton kuwa yana nan a Madrid har yau, ana gogewa yana ƙyalli, babu kowa a ciki.

Mai zanen bai yi ƙarya ba. Sarkin ya ci yaƙin, sulken ma nasa ne. Rabin gaskiya ya zana, rabin da mai biya yake so a gani.

2. BABBAN MUTUM NE, AMMA

Buɗe 2 Sarakuna 5, ka karanta aya ta 1 a hankali. Kamar hoto ne aka rataye maka. Na'aman shi ne shugaban rundunar Suriya. In da a ƙasar Hausa ne, da Madaki ko Sarkin Yaƙi za a kira shi. Sarkinsa yana ji da shi, jama'a suna girmama shi, jarumi ne, har nassi ya shaida cewa Ubangiji ya ba Suriya nasara ta hannunsa. Duk yabon nan gaskiya ne. Sai a ƙarshen ayar aka zo da kalma guda wadda ta rushe kome: yana da kuturta.

Ka yi tunanin safiyar Na'aman. Bayi suna ɗaura masa kayan yaƙi, rigar ƙarfe tana rufe ƙirji, kwalkwali yana rufe goshi. Yana fita ƙofa ana faɗuwa ana gaisuwa. Da dare sai a kwance kayan ɗaya ɗaya, ya duba jikinsa a hasken fitila, ya ga tabon ya fi na jiya faɗi. Sojan da ya kori rundunoni ya kāsa korar tabo daga fatarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lura da waɗanda suka san halin da yake ciki: matarsa, da wata 'yar yarinya Ba'isra'iliya da maharan Suriya suka kamo, tana yi wa matar hidima. Mutanen cikin gida ne suke ganin mutum ba sulke. Yarinyar nan tana da dalilin yin shiru, gama rundunar wannan mutum ce ta raba ta da iyayenta. Duk da haka ta faɗa wa uwargijiyarta cewa akwai annabi a Samariya wanda zai iya warkar da maigida. Ko sunanta ba a rubuta ba, amma ta bakinta ceto ya shiga gidan.

Kafin mu wuce, a kiyaye: wannan darasi ba ya cewa mai kuturta la'ananne ne. Kalmar da Littafi Mai Tsarki ya yi amfani da ita ta haɗa cututtukan fata iri iri. Kuturta kuma a yau tana warkewa da magani, ana ba da shi kyauta. In ka ga tabo a jikinka wanda ba ka jin taɓi a wurin, je asibiti da wuri, muna yi maka addu'a kana shan magani.

3. NAMU SULKUNAN

Ba wanda ke zuwa sujada da rigar ƙarfe, amma kusan kowa yana da nasa sulke. Dubi kalandar bikin godiya ko ta aure da ke rataye a ɗakinka. Kowa ya sha anko, kowa yana murmushi. Dubi hoton da matasa ke sawa a Facebook, an jingina da motar wani, an goge fuska da waya. Sarki Charles ya biya mai zane, mu kuma muna biyan mai hoto.

Ga wani, muƙami ne sulkensa. Dattijo ne, ko shugaban matasa, ko mai jagorar waƙa, saboda haka ba ya iya cewa ya fāɗi. Ga wata, zanen zumunta ne ya rufe shatin dukan da ta sha daren Asabar. Ga wani, babbar rigar Lahadi ta rufe bashin takin da ya ci da damina, masarar da zai biya da ita kuwa ya riga ya sayar a Kwanar Dangora. Wani saurayi yana ɗaga hannu cikin yabo, kuɗin makarantarsa sun tafi a cacar ƙwallo ta waya. Wani ya bar burkutu a gaban mutane, bai bar shi a bukkar gona ba.

Akwai kuma wanda dole mu ambata a fili. Mayaƙan dā ba su dogara ga ƙarfe kaɗai ba. Ƙarƙashin sulke akwai guru a ƙugu, kambu a dantse, layu a wuya. Yau ma akwai mai bi wanda Littafi yana hannunsa, laya tana ƙarƙashin riga. Yana jin tsoron hanyar dajin Falgore, ko maƙiyin da ke kan iyakar gona, sai ya ce bari ya haɗa biyu, in wannan bai yi ba wancan zai yi.

Har harshen ibada yakan zama sulke. An tambaye ka lafiya, ka ce "Mun gode wa Yesu, nasara ce," alhali kwana uku ba ka yi barci ba. Furcin bangaskiya abu ne mai kyau, muna kuma koyar da shi. Amma bangaskiya tana kiran dutsen da sunansa kafin ta umarce shi ya kawu. Wanda ya ce babu dutse, me zai umarta?

4. KOWANE SULKE YANA DA KAFA

A 1 Sarakuna 22 akwai wani sarki da ya dogara ga ɓoyo, wato Ahab. Annabi Mikaiya ya gargaɗe shi cewa ba zai dawo daga yaƙin Ramot-gileyad ba. Maimakon ya tuba, sai ya ɓad da kama, ya tuɓe kayan sarauta, ya shiga fagen fama kamar sauran sojoji. Wani maharbi ya saki kibiya ba tare da ya auna kowa ba, ta bi ta 'yar kafar da ke tsakanin mahaɗin sulken. Aka tokare sarkin a tsaye cikin karusarsa yana fuskantar abokan gāba har yamma, jini yana taruwa a ƙasan karusar. Mai hange daga nesa zai ce sarki yana nan daram. Da rana ta fāɗi ya mutu.

Mutane nawa ne aka tokare haka a cikin ikkilisiya, suna tsaye a idon jama'a, jini yana zuba a ciki?

Tarihin garinmu ma ya koya mana wannan. A ƙarshen Janairu 1903 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufi Kano. Da suka iso Bebeji aka rufe musu ƙofa, gama ganuwa ta saba tsare gari daga mahaya da 'yan baka. Igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin yana cikin waɗanda suka rasu a ranar. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya fāɗi. Mazajen nan ba ragwaye ba ne, makamin da ya zo musu ya fi ƙarfin kariyarsu. Masu igwar su ma ba su dawwama ba, a 1960 suka sauke tutarsu. Duk kariyar da hannun mutum ya ƙera tana da ranar da za ta gaza. Sunan kirki da kake karewa da ƙarya, wata rana kibiyar da ba a auna ba za ta same shi: saƙo a waya, mai bin bashi a ƙofar majami'a, ko yaron da ya faɗi abin da ya gani.

5. RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Na'aman ya tafi neman magani kamar mai zuwa yaƙi. Ya ɗauki wasiƙar sarki, da azurfa talanti 10, wato kimanin kilo 340, da zinariya shekel 6,000, da riguna 10 na ado. Ya tsaya a ƙofar Elisha da dawakai da karusai, yana jira a fito a tarye shi yadda ya saba.

Elisha bai fito ba. Ya aiko ɗan saƙo: je ka yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Na'aman ya husata. Shi ya riga ya tsara yadda warkarwar za ta kasance: annabi ya fito, ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu bisa wurin, a gama. Ka ga, a tsarinsa ba sai ya tuɓe kome ba. Zai warke a bisa karusa, girmansa bai taɓu ba. Har ya kawo hujja cewa Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi ruwan Isra'ila kyau.

Mu ma haka muke so. Muna so bawan Allah ya ɗora hannu a babban taron farkawa, mu fāɗi, mu tashi, ba wanda ya san mene ne. Allah yakan yi haka cikin jinƙansa. Amma sau da yawa yakan ce: je ka nemi gafarar matarka, mayar da kuɗin asusun da ka taɓa, kawo layar a ƙone, je a gwada jininka. Umarnin ba shi da wuya, ƙanƙantar da kai ne ke da wuya.

Bayinsa ne suka lallashe shi. Suka kira shi baba, suka tuna masa cewa da babban aiki aka ɗora masa da ya yi, balle ɗan wanka. Albarka ta tabbata ga mutumin da ke da na kusa masu faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Sai ya gangara. Ba wanda ke nutso da kwalkwali da rigar ƙarfe. A bakin kogin nan, a gaban mutanen da ke rawar jiki in ya yi tsawa, shugaban yaƙi ya ajiye kayan girma, kowa ya ga abin da ke jikinsa. Ya nutsa sau ɗaya, ba canji. Sau biyu, sau uku, har shida. A na bakwai ya fito da fata kamar ta ƙaramin yaro. Haleluya!

Dubi yadda ya koma. Da fari ya tsaya a waje yana jiran girmamawa. Yanzu ya tsaya a gaban annabin yana kiran kansa bawa, yana shaida cewa Allah na Isra'ila ne kaɗai Allah. Har ya faɗi damuwar da ba wanda ya tambaye shi, game da rakiyar sarkinsa zuwa haikalin Rimmon. Wanda ya ɗanɗana 'yancin tuɓe sulke ba ya marmarin komawa ciki. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala, don a san alherin Allah ba na sayarwa ba ne.

Labarin bai ƙare a nan ba. Gehazi, baran annabi, ya bi Na'aman a guje, ya ƙirƙiro ƙarya, ya karɓi azurfa talanti 2 da riguna 2, ya ɓoye a gida, ya dawo ya tsaya a gaban maigidansa kamar bai je ko'ina ba. Cutar da ta bar Na'aman ta manne masa. Baƙon da ya buɗe ciwonsa ya tafi gida da tsarki, ɗan gidan da ya ɓoye laifinsa ya fita da kuturta. Kusanci da bagade bai cece shi ba.

6. RUFIN ASIRI NA GASKIYA

Kullum muna roƙo, "Allah ya rufa mana asiri." Addu'a ce mai kyau. Abin tambaya shi ne, wa ke rufewa? Ayar haddacewarmu tana koya mana cewa mai binne laifinsa ba ya ci gaba, jinƙai kuwa na wanda ya furta ya kuma rabu da shi ne. A Zabura 32 Dawuda ya ba da shaidar yadda shiru ya cinye ƙarfinsa, sai da ya daina ɓoyewa Allah ya rufe zunubin. Gyambon da ka ɗaure da tsumma ba wanki, ruɓewa yake yi. Wanda ka kai wa mai magani, shi zai wanke ya ɗaure, ya warke.

Ka tuna da Ubangijinmu Yesu. Shi ne Sarkin Yaƙin sama, amma a kan gicciye aka tuɓe masa tufafi, sojoji suka yi kuri'a a kansu. Ya ɗauki tonon asirin da ya cancance mu. Bayan ya tashi daga matattu, bai ɓoye tabonsa ba, ya nuna wa Toma hannuwansa da kwiɓinsa. Saboda haka ba abin da za ka buɗe masa da zai sa ya juya fuska. Shi ne kuma yake ba da makaman da Bulus ya lissafa a Afisawa 6:10-18. Lura cewa na farko a jerin shi ne ɗamarar gaskiya. Ba a ɗora sulken adalci bisa ƙarya.

Ga abin da za ka yi a wannan mako:

Na ɗaya, keɓe lokaci kai kaɗai da Allah. Kira abin da sunansa. Kada ka ce "kurakuraina", ce sata, ce zina, ce tsoro, ce bashi.

Na biyu, bisa ga Yakubu 5:16, nemi mutum ɗaya amintacce, fasto ko dattijo ko uwa cikin bangaskiya, wanda aka san cikinsa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba a ce ka tsaya gaban taro ka tona kanka ba. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace.

Na uku, yi ƙaramin umarnin da Ruhu Mai Tsarki ya daɗe yana maimaita maka. In ba ka ga canji a nutso na fari ba, ci gaba har na bakwai.

'Yar'uwa, in dukanki ake yi a gida, yin shiru ba biyayya ba ce. Ki faɗa wa wadda za ta iya taimakonki tun kafin abin ya kai ga rai.

Kai kuma da aka ba amanar asirin wani, ka ji tsoron Allah. Kada ka mai da shi abin roƙon addu'a a gaban jama'a, ko hirar hanyar kasuwa. Mutane da yawa sun koma cikin sulke ne domin ranar da suka tuɓe, dariya aka yi musu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. In mai zane zai zana ka yadda 'yan'uwa a ikkilisiya suke ganinka, me zai sa a hoton? Me zai bari?
2. Me ya fusata Na'aman a umarnin Elisha? Ka taɓa tsara wa Allah yadda zai amsa maka?
3. Mene ne bambancin furcin bangaskiya da musun gaskiya?
4. Me za mu gyara a ƙungiyarmu domin mai rauni ya iya magana ba tsoro?

FURCI

Ni ɗan Allah ne. Ba na zama cikin ɓoyo. Abin da na buɗe wa Yesu, jininsa ya rufe. Na tuɓe kariyar ƙarya, na ɗaura gaskiya, Ubangiji ne garkuwata.

ADDU'A

Ya Uba, kai ne mai ganin abin da ke ƙarƙashin riga. Na gaji da ɗaukar nauyin da ba ya warkar da ni. Ga ciwona, ga laifina, ga tsorona. Ka ba ni tawali'un gangarawa zuwa Urdun, ka ba ni ɗan'uwa amintacce, ka mai da ni amintacce ga wani. Ka wanke ni da jinin Ɗanka, ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka suturta ni da adalcinka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.